Tambaya da Amsa: Tantance buƙatun kwamfuta da sadarwa a kamfanin sayar da motoci

Wasiƙu uku ne suka iso wannan fili a kan batu ɗaya, dukansu daga mutanen da ke aiki a harkar sayar da motoci, don haka na ga ya dace a amsa su tare. Na taƙaita su saboda ƙarancin fili, amma ban sauya abin da masu su suke nufi ba. Ta farkon ce za ta fi ɗaukar lokaci, domin sauran biyun rassanta ne.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kamfanin sayar da motoci, sabbi da waɗanda aka yi amfani da su, kuma muna da gareji da sashen kayan gyara a haraba ɗaya. Ma'aikatanmu 28 ne. Kwamfutocinmu an saye su ne ɗaya bayan ɗaya cikin shekara 8, duk wanda ya yi ƙorafi sai a saya masa. Yanzu intanet ɗinmu yana yawan tsayawa, akanta yana da nasa lissafin, masu sayarwa suna da nasu, har sau biyu an yi wa mutum biyu alkawarin mota ɗaya. Wani kamfani ya kawo mini dogon jerin kayan da ya ce mu saya, amma ban san ko su muke buƙata ba. Ta yaya zan tantance abin da ya dace da mu kafin in sa hannu? Daga wani Alhaji, mai kamfanin sayar da motoci.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Shawarar da zan fara ba ka ita ce ka ajiye wannan jerin kaya a aljihun tebur tukuna, sannan ka tambayi kanka ko waɗanda suka rubuta shi sun taɓa yin wuni guda a harabarka suna kallon yadda ake aiki. Idan ba su yi ba, to abin da ke hannunka ƙiyasi ne, kuma mai sayar da kaya idan zai yi ƙiyasi, a bisa abin da ke cikin sitonsa yake yinsa. Ba na zarginsu da rashin gaskiya, sana'arsu ke nan. Amma kai da kanka ba ka sayar wa mutum mota sai ka ji irin hanyar da zai riƙa bi da yawan mutanen da zai riƙa ɗauka, kuma kwamfuta ma haka take.

Tantancewar da nake nufi daga mota take farawa. Ka zaɓi mota ɗaya da aka sayar a watan jiya, ka ɗauki littafi da biro, ka bi sawunta tun daga ranar da aka sauke ta a harabarka har ranar da mai ita ya dawo da ita don juyen mai na farko. Wa ya fara rubuta ta, kuma a ina ya rubuta? Wa ya duba lafiyarta, wa ya ɗauki hotunanta, wa ya sa mata farashi, wa ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, wa ya shirya takardun inshora da na rajista, wa ya ba mai gadi izinin buɗe mata ƙofa? A kowane mataki ka rubuta na'urar da aka yi amfani da ita, da inda bayanin ya kwana, da mutumin da ke jiran wannan bayani kafin ya yi nasa aikin.

Akwai ƙirga guda da nake so ka yi yayin wannan bin sawu. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake kira VIN, tsarin da aka daidaita tun 1981, kuma da gangan aka cire haruffan I da O da Q daga cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Ka duba sau nawa wani ma'aikacinka ya kwafi wannan lamba da hannu kafin motar ta fita. Na taɓa yin wannan ƙirga a wani kamfani na samu sau 7, kuma a takarda ta biyar an mayar da 8 ta zama B, har sashen kayan gyara ya yi odar takalmin birkin da bai shiga motar ba.

Matsalar mutum biyu da aka yi wa alkawarin mota ɗaya daga nan take, kuma ko ka sayi sabbin kwamfutoci 28 gobe za ta sake faruwa, domin tushenta shi ne kuna da littafi biyu na kaya ɗaya. Maganinta manhaja ce ɗaya ta tafiyar da kamfanin dillancin motoci, wadda masu harkar ke kira DMS, inda jerin motoci da ciniki da kayan gyara da katin aikin gareji da lissafin kuɗi duk suke zaune a rumbu ɗaya, ta yadda da zarar mai sayarwa ya shigar da cewa an biya wani abu a kan mota, kowa zai ga an kama ta. Wannan ce shawara mafi nauyi a dukan aikin, kuma ita ya kamata a fara yankewa, saboda ita za ta faɗi irin kwamfutocin da za a saya da ƙarfin intanet ɗin da za a nema. Idan kai wakilin wani kamfanin ƙera motoci ne, ka nemi takardar sharuɗɗansu tun yanzu, domin irin waɗannan kamfanoni sukan gindaya wa dillalansu manhajar da za su yi aiki da ita da mafi ƙarancin ƙarfin kwamfuta da na sadarwa.

Za ka tarar da zaɓi biyu. Ko dai manhajar ta zauna a babbar kwamfuta a ofishinka, wato sabar, ku riƙa kula da ita da kanku, ko kuma ta zauna a rumbun kamfanin da ya ƙirƙire ta, ku riƙa shiga ta intanet kuna biyan kuɗi wata-wata. Ga kamfani mai ma'aikata 28 da ba shi da ƙwararren kwamfuta na dindindin, ni na fi karkata ga na biyun, saboda sabar tana son wanda zai riƙa sabunta ta da duba lafiyarta kullum, kuma idan babu shi, sai ranar da ta tsaya ake tunawa da ita. Sai dai wajibi ne in faɗa maka abin da ya faru a watan Yunin 2024, lokacin da masu kutse suka kai hari kan CDK Global, kamfanin da ke samar da irin wannan manhaja ga dillalan motoci kusan 15,000 a Amurka da Kanada. Kamfanin ya rufe na'urorinsa, dillalai da dama suka koma rubuta ciniki da katin gyara da biro a kan takarda, kuma sai da aka shafe kimanin mako biyu kafin al'amura su daidaita. Saboda haka kafin ka sa hannu da kowane kamfanin manhaja, ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa bayananka naka ne, kana iya sauke su duk lokacin da ka so a sigar da wata manhaja za ta iya karantawa. Ka kuma tanadi fom na takarda na ciniki da na gyara a aljihun teburin kowane sashe, tare da jerin motoci da na kayan gyara da ake bugawa lokaci zuwa lokaci.

Bayan an san manhajar, sai a koma ƙidayar abin da ke ƙasa. A zagaya ofis-ofis a rubuta kowace kwamfuta da firinta da wayar tebur da kyamara da na'urar biyan kuɗi da kati, tare da shekarunta da wanda ke aiki da ita. A nan abu ɗaya ne ba ya jira. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ma'ana kwamfutar da ke kansa ba ta samun gyaran tsaro sai in an shiga shirin ƙarin wa'adi, shi kuwa Windows 11 yana buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 wanda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi. Tun da ka ce wasu naka sun kai shekara 8, akwai yiwuwar wasunsu ba za su haye ba. Sauran kuwa kada ka yi gaggawar zubar da su, domin sau da yawa sauya tsohon faifan ajiya mai juyawa da na SSD, mai sauri wanda ba ya juyawa, tare da ƙara ƙwaƙwalwar aiki zuwa gigabait 16, yakan mayar da kwamfutar da ake kuka da ita ta yi wasu shekaru tana aiki lafiya. Kuma ba kowa ne ke buƙatar na'ura iri ɗaya ba: allo biyu zai fi yi wa akanta amfani a kan kwamfuta mai tsada, mai sayarwa da ke yini a tsakanin motoci ƙaramar kwamfutar hannu yake so don ya nuna wa mai saye bayani a gefen motar, gareji kuwa yana buƙatar wadda za ta jure ƙura da maiƙo da faɗuwa.

Yanzu ga intanet ɗin da ka ce yana yawan tsayawa. Kafin ka ɗora laifi a kan kamfanin da ke ba ku layi, ka sa a haɗa kwamfuta ɗaya da waya kai tsaye a jikin rauta, wato na'urar da ke karɓar layin intanet ta rarraba shi, a auna gudun layin da safe da tsakar rana da yamma har tsawon mako guda. Idan a can lafiya yake amma a ofisoshi ake kuka, to ciwon yana cikin gida, kuma a irin ginin da ake sayar da motoci galibi a nan nake samunsa. Dalili shi ne ƙarfe yana tare siginar Wi-Fi, harabarka kuwa cike take da ƙarfe: motoci a jere, rufin gareji, na'urorin ɗaga mota, da kantocin sashen kayan gyara. Rauta ɗaya da aka ɗora a kan kabad a ofishin manaja ba za ta iya ratsa wannan duka ba. Na taɓa shiga wani gareji na tarar da makanike ya ɗora kwamfutarsa a kan durom a bakin ƙofa, yana kai da komo tsakaninta da motar da ke can ƙarshen rumfa, saboda a nan kaɗai sigina take kamawa, kuma ya yi wata da watanni a haka ba tare da maganar ta kai kunnen mai kamfanin ba.

Ƙa'idar da nake bi ita ce duk abin da ba ya motsi a ja masa waya, a bar Wi-Fi ga abin da ke yawo a hannu. Sai dai wayar sadarwa ta tagulla, irin Cat6, mita 100 ce iyakarta, don haka a samo zanen ginin a auna nisan kowane tebur daga kabad ɗin da za a tara kayan sadarwa. Idan gareji a wani gini yake daban da zauren baje kolin motoci, a haɗa su da wayar faiba, wadda ke tafiya nesa, kuma tun da zaren gilashi ce ba ta ɗaukar wutar tsawa daga wannan gini zuwa wancan. Na'urorin watsa Wi-Fi a rarraba su a silin, a ja wa kowace tata wayar, kuma wayar nan ɗaya tana iya kai mata wuta idan akwatin rarraba layi yana da tsarin PoE, haka ma kyamarori da wayoyin tebur. A auna ƙarfin sigina ranar da harabar ta cika da motoci, domin awon da aka yi fili babu komai zai yaudare ka.

Wajen ƙarfin layi, mutane suna kallon gudun saukewa su manta da gudun aikawa, alhali kamfanin mota mai yawan aikawa ne. A ce kana ɗaukar hoto 40 na kowace mota, kowanne megabait 5. Jimla megabait 200 ke nan, kuma tun da kowane bait bit 8 ne, layin da ke aika megabit 2 a daƙiƙa zai shafe fiye da minti 13 a kan mota ɗaya, yayin da mai megabit 20 zai gama cikin daƙiƙa 80. A duk tsawon wannan lokaci kashiya tana jiran shafinta ya buɗe, mai saye yana tsaye a gabanta. Kiran waya ta intanet bai cika cin layi ba, kimanin kilobit 100 ne a daƙiƙa, amma shi ne farkon wanda murya ke kakkaryewa a cikinsa idan layi ya cushe, don haka a saita rauta ta ba shi fifiko, shi da manhajar ciniki. Idan ka zaɓi manhajar da ke kan intanet, layi na biyu daga wani kamfani daban ya zama dole, kuma zai fi kyau ya zo ta wata hanya daban, misali ɗaya na faiba ɗaya na wayar salula, don kada masu haƙa rami a bakin titi su yanke duka biyun lokaci guda. Ranar da aka haɗa, ka tsaya da kanka a zare wayar layin farko a gabanka ka ga ko na biyun ya karɓa, domin gani ya kori ji.

Akwai kuma batun raba hanyoyi, wanda jerin kaya ba ya nunawa. Baƙon da ke zaune a ɗakin jira yana amfani da Wi-Fi bai kamata wayarsa ta iya ganin kwamfutar akanta ba, haka nan kyamarori da na'urar biyan kuɗi da kayan gareji, kowanne ya kasance a nasa layin ko da wayoyi ɗaya suke bi. A 2013 masu kutse sun sace bayanan katunan banki kusan miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, kuma sun shiga ne da bayanan shiga na wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya wuri. Raba layi ba ya buƙatar kaya masu yawa, akwatin rarraba layi da katangar tsaro masu iya wannan aiki kawai ake so, da mutumin da ya san yadda ake saita su.

Kyamarori ma a yi musu lissafi kafin a saya. Wadda ke aika megabit 4 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 43 a kwana ɗaya, saboda haka guda 16 da ake son ajiye hotunansu na kwana 30 suna buƙatar kusan terabait 21. Ka fara yanke kwana nawa kake so ka iya komawa baya idan mai mota ya ce a wurinku aka ƙuje masa fenti, sannan a sayi faifan da ya dace. Kabad ɗin sadarwa shi ma a sa masa batirin ko-ta-kwana, wato UPS, domin idan wuta ta ɗauke, ko da kwamfutar kashiya na kunne in dai rauta ta mutu, aiki ya tsaya duk da haka.

Abin da zai fito daga wannan zagaye takarda ce mai shafi kaɗan, ɗauke da matakan aiki, zanen gini, ƙidayar na'urori, sakamakon awon layi, yawan ma'aikatan da kake sa ran ɗauka nan da shekara 3, da kuma tsawon lokacin da kowane sashe zai iya jurewa ba tare da kwamfuta ba. Wannan na ƙarshe kai kaɗai ne za ka iya amsa shi, Alhaji, kuma shi zai nuna inda ya cancanci a kashe kuɗi. Ka biya ƙwararren da ba ya sayar da kaya ya taya ka rubuta ta, sannan ka ba kamfanoni uku takarda ɗaya, har da wanda ya kawo maka jerin farko, kowa ya faɗi farashinsa a kanta, tare da sa'o'in da zai ɗauka kafin ya iso idan abu ya lalace.

Tambaya: Malam, ni akanta ce a wani kamfanin sayar da motoci. Duk ƙarshen mako nakan kwafi lissafinmu a wani faifai da ke maƙale a jikin kwamfutata. Muna kuma ajiye hotunan katin shaida da takardun banki na masu sayen mota bashi. Dukanmu kalmar sirri ɗaya muke shiga da ita, har da wasu biyu da suka bar aiki bara. Shin wannan ya wadatar, ko akwai abin da zan kai wa maigidanmu?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika lura, kuma lallai ki kai wa maigidanku maganar cikin makon nan, domin abin da kika bayyana ya fi jinkirin intanet haɗari nesa ba kusa ba. Faifan da ke maƙale a jikin kwamfuta kullum, duk abin da ya sami kwamfutar zai same shi. Manhajar garkuwa da bayanai, wadda ke kulle fayiloli har sai an biya kuɗin fansa, tana bin duk faifan da ta tarar a haɗe, gobara ko ɓarawo kuwa tare za su tafi da su. Tsarin da masana suka daɗe suna bi shi ne kwafi uku na bayanai, a kan nau'in ma'aji biyu daban-daban, ɗaya daga ciki a wajen ginin, kuma a tabbata akwai wanda ba ya haɗe da kowace kwamfuta. Ki kuma lura cewa kwafin mako-mako yana nufin kun yarda ku rasa cinikin kwana 6 idan abin ya faru ana gobe za ki kwafa. A inda ake shigar da kuɗin motoci, kullum ya kamata a yi, kuma na'ura ta riƙa yi da kanta. Sau ɗaya a wata ki zaɓi fayil ɗaya ki sa a dawo da shi daga kwafin ki buɗe shi da idonki, saboda na sha ganin faifan da aka shekara ana dogara da shi, ranar da aka nema sai aka tarar babu komai a ciki.

Kalmar sirrin da kowa ya sani kuwa a sauya ta yau. Kowane ma'aikaci ya samu sunansa da kalmarsa, a ba shi izinin ganin abin da aikinsa ya shafa kawai, a rufe shigarsa ranar da ya ajiye aiki. Wannan kariya ce gare ki ke ma, domin idan aka sauya farashin mota a lissafi, manhajar za ta nuna wanda ya yi. A ƙara da tabbatarwa ta biyu, wato lambar da ke zuwa waya bayan an sa kalmar sirri, musamman a imel da banki da manhajar ciniki. A Amurka hukumar kula da harkokin kasuwanci, wato FTC, ta wajabta wannan tun watan Yunin 2023 a kan dillalan da ke shirya wa masu saye bashin mota, tare da kulle bayanan ta yadda ba za su karantu ba ko an sace su, saboda ana ɗaukar irin waɗannan dillalai kamar cibiyoyin kuɗi. Ki binciki abin da dokar kare bayanai ta ƙasarku ta tanada, kuma hoton katin shaidar da aka gama da shi kada a bar shi a wayar mai sayarwa. Idan kuma imel ya zo yana cewa mai kawo muku motoci ya sauya lambar asusunsa, kada ki tura komai sai kin kira shi a lambar wayar da kika daɗe da sani.

Tambaya: Malam, ni ne shugaban makanikai a garejin wani dillalin motoci. Muna da tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 da muke duba ƙwaƙwalwar mota da ita, kuma manhajar da ke kanta ta ƙi aiki a sabuwa. Mai kula da kwamfutocinmu ya ce a jefar da ita, ni kuma da ita nake aiki kullum. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, kowannenku yana da tasa gaskiyar. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, don haka kwamfutarka ba ta samun gyaran tsaro. Abin da abokin aikinka ke gudu shi ne irin wanda ya faru a watan Mayun 2017, lokacin da manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bi kwamfutocin da ba a sabunta ba, har Renault ya dakatar da aiki a wasu masana'antunsa na Faransa, ta kuma taɓa masana'antar Nissan da ke Sunderland a Ingila, alhali gyaran da zai tare ta ya fito tun watan Maris. Amma kai ma bai kamata a raba ka da kayan aikinka ba kafin a kawo madadinsa. Mafita ita ce a killace ta: a cire ta daga intanet da layin ofis, kada a soka mata filashin kowa, a kuma kwafi faifanta gaba ɗaya yadda yake, domin ranar da ya mutu a iya ɗora kwafin a kan wani. Karanta lambobin matsala ta soket ɗin OBD mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari ba ya buƙatar intanet, saboda haka za ta ci gaba da yi maka aiki a kan tsofaffin motoci.

Sabbin motoci kuwa dole a saya muku kwamfuta ta musamman, domin manhajojin masu ƙera motoci, irin su ODIS na Volkswagen da Xentry na Mercedes-Benz da ISTA na BMW, suna tuntuɓar rumbun kamfaninsu ta intanet yayin sabunta ƙwaƙwalwar mota ko haɗa sabon makulli, kuma fayilolinsu manya ne. Wannan ne aikin da ya fi kowanne rashin jure katsewa a dukan kamfanin, saboda idan wuta ko sadarwa tsakanin kwamfuta da mota ta yanke ana tsakiyar rubutawa, ƙwaƙwalwar na iya mutuwa har sai an sayi wata. Don haka ka nemi a ware rumfa ɗaya a garejin don wannan aiki, a ja mata wayar sadarwa maimakon Wi-Fi, a sa na'urar da ke riƙe ƙarfin batirin mota a daidai yayin aikin, a jona kwamfutar a wuta, a hana ta yin barci ko sabunta kanta a lokutan aiki. Idan za a yi zagayen tantancewa irin wanda na bayyana wa Alhaji a sama, ka tabbata an shigo garejin kana nan, ka nuna musu rumfar, ka faɗi manhajojin da kuke amfani da su da motoci nawa kuke sabuntawa a mako.